Rodi Ɗaya da Ya Koma Biyu

A yammacin 17 ga Yuli, 1981, wasu gadojin tafiya guda biyu da ke rataye a cikin zauren otal ɗin Hyatt Regency, a birnin Kansas na Amurka, suka rufto kan jama'ar da ta taru wurin rawa. Mutum 114 suka rasu, fiye da 200 suka jikkata. Shekara ɗaya kacal ke nan da buɗe otal ɗin.

Asalin zanen injiniya ya tanadi dogayen rodin ƙarfe da za su sauko daga rufi, su ratsa gadar hawa na huɗu, su zarce har gadar hawa na biyu. Kamfanin da ke ƙera ƙarafan ya ga wannan zai yi wuyar haɗawa, sai ya raba kowane rodi gida biyu: ɗaya ya riƙe gadar sama, ɗaya kuma ya rataye ta ƙasa a jikin ta sama. A takarda gyara ne ɗan ƙarami. Amma kamar a ɗauki bokiti biyu cike da ruwa ne, maimakon a ɗaure kowanne a igiya, sai a rataye na biyu a jikin na farko; marikin na sama shi zai ɗauki nauyin duka. Nauyin da ke kan mahaɗar hawa na huɗu ya ninka. Zanen da maƙeran suka yi ya koma ofishin injiniyoyi, aka buga masa hatimi, ba tare da an sake lissafi ba. Bincike ya nuna ko zanen farkon bai cika ƙa'idar ginin birnin ba, kuma daga baya injiniyoyi biyu suka rasa lasisinsu.

A ganina, abin tsoro a nan shi ne kowa ya yi zaton wani ya duba. Gini ba ya tsayuwa a kan zane ɗaya. Akwai na mai tsara fasali, na injiniyan ƙarfe da kankare, na lantarki da famfo, ga kuma takardar da ke fayyace irin kayan da za a yi aiki da su. Idan zane ya ce rodi mai kauri milimita 16, takardar kaya ta ce 12, magini zai zaɓa da kansa, kuma mun san wanda aljihun ɗan kwangila ya fi so.

Shi ya sa nake ganin dole yarjejeniyar kwangila ta faɗi takardar da za a bi idan aka sami saɓani, ta kuma ambaci sunan mutum guda da alhakin daidaita zane-zanen ke wuyansa. Mu da muka saba gyara gini ta waya ko saƙon murya a WhatsApp, mai gida ya ce a ƙara bene, magini ya ce an gama, wannan zai yi kama da ɓata lokaci. Jinkirin kwana uku ne, ko mako, kafin injiniya ya sake lissafi, ya sa hannu da kwanan wata, a kuma janye tsohon zanen daga hannun ma'aikata.