Tsohon Babur a Hanyoyin Tambuwal da Kebbe: Abin da Dokar Hani Ba Ta Lissafa Ba

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari, ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega, ita ce matafiyi ya fi sani a kudancin jihar. Sai dai jama'a da yawa na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe ba a bakin kwalta suke zaune ba. Da zarar an sauka daga titi domin shiga ƙauyukan da ke bayan Dogon Daji da Sanyinna, ko waɗanda ke kewayen Kuchi, sai a tarar da hanyar burji, daga ita sai rairayi, daga rairayi sai turbar da ƙafar mutum da ta dabba suka fitar. Da damina, fadamun Kogin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya nufi Jega, kan mayar da wasu turbobin taɓo. A irin wannan ƙasa, abin hawan da ke kai buhun albasa kasuwa, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai malami makaranta, shi ne babur, kuma sau da yawa tsoho ne wanda ya sha hannun bakanike.

Wannan tsohon babur ya cancanci a ɗauke shi a matsayin ginshiƙin sufurin karkara, a tsara masa doka da horo yadda ake tsara wa mota. Har yanzu hukuma ba ta cika tunawa da shi ba sai lokacin da za ta hana shi.

Yadda ya zo, da dalilin da ya zauna

Bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, Vespa da Honda da Yamaha da Suzuki suka zama alamar ma'aikacin da ya fara tsayawa da ƙafarsa. Daga baya baburan Caina irin su Jincheng suka cika kasuwa da rahusa, sai Bajaj Boxer na Indiya ya biyo baya ya zama dokin 'yan kabu-kabu. Babur yakan fara rayuwarsa a birni, in ya tsufa ya sauka garuruwan bakin titi, daga nan ya shige ƙauye, inda zai yi aikin da ya fi kowane wuya.

Akwai dalilin da ya sa irin waɗannan injuna ke jurewa. A 1974 injiniyoyin kamfanin Honda sun zaga wasu ƙasashen Asiya domin ganin yadda talakawa ke amfani da babur. Suka tarar ana ɗora masa iyali guda, ba a canza baƙin mai sai ya kusa zama kwalta, matatar iska kuma ta toshe da ƙura. Da suka koma gida suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da inji mai sauƙin tsari da ke jure rashin kulawa, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Kamfanonin Caina da dama sun kwaikwayi wannan injin, shi ya sa kayan gyaransa suka wadata. Tsohon babur yana sanyaya kansa da iska, yana tashi da bugun ƙafa ko batir ya mutu, kuma kafiretarsa abu ce da bakanike zai kwance a gindin bishiya, ya wanke da fetur, ya ɗaura. Injin zamani da kwamfuta ke sarrafa masa mai ya fi tsimin fetur da ƙarancin hayaƙi, amma ranar da ya tsaya a bayan gari sai an nemo na'urar bincike daga birni.

Sana'ar da ba ta da takarda

A Ingila, tun 1924 aka fara gasar tsere da babura cikin daji a Camberley, kuma mahayan farko baburan titi suke ɗauka su rage musu nauyi, su ɗaga salansa, su sa tayoyi masu gwatso. A yau a Turai da Amurka wannan ya zama abin sha'awa mai tsada, har kamfanoni irin su Triumph da Ducati na ƙera sababbin babura masu kama da na wancan zamani. Gasar Dakar ta farko, wadda ta ƙare a Janairun 1979 bayan ta ratsa Jamhuriyar Nijar, Cyril Neveu ne ya lashe ta a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya. Abin da waɗancan ke yi don nishaɗi, bakaniken Tambuwal yana yin sa don tuwon dare, kuma ilimin iri ɗaya ne.

Ƙara girman faifan haƙoran da sarƙa ke bi a ƙafar baya yana rage gudu, ya ƙara ƙarfin ja, wanda shi ake buƙata a tudu da cikin yashi. Rage iskar taya kaɗan yana faɗaɗa tafinta, babur ya daina nutsewa a rairayi, ko da yake in an koma kan tsakuwa da irin wannan iska, dutse zai matse robar ciki ya kai mutum wurin mai faci. Ɗaga murfin tayar gaba yana hana laka taruwa ta danne ƙafa. Ƙafa mai wayoyi ta fi ta zubi dacewa da ramuka, domin tana ɗan lanƙwasa ta dawo, in waya ta tsinke a sauya ta ita kaɗai, alhali ta zubi in ta tsage ta gama aiki. Ƙurar hunturu kuwa, in ta wuce matatar iska, tana cin fistin da zobbansa kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi, don haka wanke soson nan a shafa masa mai ya fi kowane gyara riba.

Duk wannan sani yana hannun mutanen da suka koye shi a gareji, daga ubangida zuwa yaro, ba tare da wata shaida a rubuce ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san wadda ba ta gurɓace ba.

Inda dabara ke zama haɗari

Ba kowane gyara ne alheri ba. Mai walda yakan tsawaita kariya ta wuce tsakiyar ƙafar baya domin a ɗora buhu biyu ko uku. Nauyin da ya koma can baya yana ɗage ƙafar gaba, sitiyari ya yi sako-sako a daidai inda ake son ya kama ƙasa. Ana ƙara abin tare girgiza a baya, babur ya iya ɗaukar lodi, amma birkin yana nan yadda kamfani ya yi shi don mutum biyu. Birkin ganga kuma in ya sha ruwa a mashigi ba ya kamawa sai ya bushe. Wasu na cire madubai, wasu na tafiya da fitila matacciya, wasu na zuba wa sarƙa tsohon baƙin mai wanda ke kama yashi ya cinye haƙora. Hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sawa a Janairun 2009, ta kusa zama baƙuwa a karkara. Ga kuma jabun kayan gyara, waɗanda mai saye ba ya iya bambance su da na ƙwarai sai sun karye a hanya.

Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabon babur ya yi wa manomi nisa. Ma'anar haka ita ce tsofaffin za su ƙara daɗewa a kan hanya, kuma ingancin gyaransu zai ƙara zama batun rai da mutuwa.

Hujjar masu hani

Masu goyon bayan hana babura suna da hujja mai nauyi. Duk siffar da ta sa babur ya dace da manomi, ita ta sa ya dace da ɗan bindiga: yana bin turbar da motar soja ba ta bi, yana ɗaukar mutum uku, ana ɓoye shi cikin dawa. A Mayun 2019 rundunar soja ta hana hawan babura a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. A Satumban 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna sun kafa dokokin da suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. A Yulin 2022 Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya sanar cewa gwamnatin tarayya na duba yiwuwar hana babura a ƙasa baki ɗaya. Wanda aka kai wa ƙauyensu hari a kan babura hamsin ba za a zarge shi ba in ya ce a ƙone su duka.

Amma dokar hani mai bin doka take kamawa. Wanda ya ɗauki bindiga ya shiga daji ba sanarwar gwamnati za ta sauke shi daga kan babur ba. Wanda ke sauka shi ne ma'aikacin lafiya mai kai rigakafi, da ɗan kabu-kabu mai iyali, da mijin da matarsa ta fara naƙuda da tsakar dare. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, ta kuma iya jurewa saboda tana da kwalta da Adaidaita Sahu. Ƙauyen da ke bayan fadama a Kebbe ba shi da ko ɗaya. Taƙaitawa ta ɗan lokaci a wani yanki, sa'ad da jami'an tsaro ke aiki, abu ne da hankali zai ɗauka. Mayar da ita tsarin dindindin yana talauta mutanen da ake neman haɗin kansu wajen samun bayanan sirri.

Abin da ya fi hani amfani

Mataki na farko shi ne rajista mai arha wadda za a yi a hedikwatar gunduma, a rubuta lambar inji da ta gangar jiki, tare da shaidar mai unguwa da hakimi, waɗanda suka san kowa da ubansa. Cinikin tsohon babur a kasuwa ya zama sai da takarda mai ɗauke da sunan mai sayarwa da mai saye. Wannan yana wahalar da ɓarawo da mai yi wa 'yan daji safara fiye da yadda rufe kasuwa ke yi, domin rufewa ba ta kashe ciniki, ɓoye shi take yi.

Na biyu shi ne horo. Ƙungiyar Riders for Health, wadda Barry da Andrea Coleman suka kafa tare da ɗan tseren babur Randy Mamola, ta nuna a ƙasashe irin su Lesotho da Gambiya cewa babur na iya yin shekaru a munanan hanyoyi ba tare da ya ajiye ma'aikacin lafiya a daji ba, muddin mahayi na duba mai da sarƙa da birki da taya kowace safiya, bakanike kuma na sauya kaya kafin su karye. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, tare da ƙananan hukumomin biyu da ƙungiyoyin kanikawa, za su iya shirya gajerun darussa da Hausa a kan lodi, birki da walda, su ba da shaidar da za ta ɗaga darajar mai ita. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa kuma ta sa ido a kan manyan dilolin kayan gyara, inda jabu ke shigowa.

Na uku shi ne hanya kanta. Tun kafa hukumar DFRRI a 1986 ake alkawarin hanyoyin karkara, kuma abin da ya fi kashe su shi ne rashin kulawa bayan an buɗe. Kwalbati ɗaya a mashigin da ke yanke gunduma duk watan Agusta, da zuba burji a kan lokaci, sun fi wa mai babur amfani fiye da kilomita biyu na kwalta da za a yi bikin buɗewa. Kansila da ɗan majalisar jiha sun san waɗannan mashigai da sunayensu, kuma a kansu ya kamata masu zaɓe su riƙa yi musu hisabi.

Mutanen Tambuwal da Kebbe sun riga sun yi nasu ɓangaren: sun ɗauki inji da aka ƙera don titi, sun koya masa bin yashi da taɓo da kuɗin aljihunsu. Saura hukuma ta san yawan baburan nan da masu su, ta inganta hannun da ke gyara su, ta gyara mashigan da suke ƙetarewa kafin ruwan wata damina ya sauka.