Sabbin SSD sun iso da gudun iska, amma wanne ya kamata ɗan kasuwa ya sara?

Duk wanda ke harkar kwamfuta da kayanta a kasuwanninmu na kan iyaka, daga Jibiya da Maraɗi zuwa Illela da Ƙonni, har Maigatari da Magarya, ya san cewa tambayar farko da mai saye ke yi yanzu ita ce: "SSD ce a ciki, ko tsohon faifai?" Wannan tambaya ta zama ma'aunin kuɗin kwamfuta. To sai ga shi kamfanoni sun fito da wani sabon zubi na SSD mai saurin da ya wuce hankali, a daidai lokacin da farashin kayan ya shiga hawa da sauka. Saboda haka muka ga ya dace mu zauna da 'yan'uwa 'yan kasuwa mu duba lamarin a tsanake, kafin wani ya zuba jarinsa a kayan da za su kwana a shago.

Da farko dai, SSD ma'ajiyar bayanai ce da ba ta da wani abu mai juyawa a cikinta. Tsohon faifai yana da faranti da allura, kamar garmaho, ita kuwa SSD 'yan ƙwayoyin lantarki ne irin na katin memori na waya. Shi ya sa ta fi sauri, ta fi jure jijjigar hanya, kuma ba ta cin batir sosai.

Ga yadda saurin yake a lissafi. Tsohon faifan kwamfutar cinya yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa. SSD mai mahaɗar SATA, wadda ta fi yawa a shagunanmu, tana kai 550, kuma nan ne iyakarta. Daga nan sai siririyar nan mai kama da cingam, wato NVMe. Zubi na uku yana kai 3,500. Zubi na huɗu, wanda ya fito a 2019, yana kai 7,000. Zubi na biyar ya shigo kasuwa a 2023: Crucial T700 ta kai 12,400, T705 ta 2024 ta kai 14,500, sannan Samsung 9100 Pro ta 2025 ta kai 14,800. A takarda, fim ɗin biki mai gigabait 10 zai ɗauki tsohon faifai minti ɗaya da daƙiƙa 40, SATA daƙiƙa 18, zubi na uku daƙiƙa 3, zubi na biyar kuwa ko daƙiƙa ɗaya ba za ta cika ba.

To amma fa a takarda ke nan. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka nan saurin SSD ba ya fitowa sai kwamfutar tana da ƙofar da zai bi. Zubi na biyar yana buƙatar allon kwamfuta na zamani, irin waɗanda suka fara yaɗuwa daga 2022. Mafi yawan kwamfutocin gwanjo da ke zuwa mana daga Computer Village ta Ikeja, ko daga Dubai, ko ta hannun dilolin Kano, sun girmi wannan. Idan ka sa sabuwar a tsohuwar kwamfuta mai ramin NVMe za ta yi aiki, amma da saurin tsohon ramin za ta tafi. Ka biya kuɗin doki, ka samu tafiyar jaki.

Bugu da ƙari, a duba su wane ne abokan cinikinmu. Mai shagon buga takardu, ɗalibi, malamin makaranta, mai ɗaukar hoton biki, da yaran nan masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya. Mai tura fim ba SSD ce ke ja masa lokaci ba, katin memori ne da igiyar USB, waɗanda sau da yawa ba sa wuce megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa. Mai buga takarda kuwa, bambancin da zai gani da idonsa shi ne ranar da aka cire masa tsohon faifai aka sa SSD, ko da ta SATA ce: kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta buɗe sai ta tashi cikin daƙiƙoƙi. Daga nan zuwa sama, ba kowa ne zai iya bambancewa ba. Waɗanda sabon zubin zai yi wa rana su ne masu tace manyan fina-finai da masu aiki da manyan fayiloli kullum, kuma a kasuwanninmu ba su da yawa.

Sai maganar zafi, wadda ta shafe mu kai tsaye. Zubi na biyar yana cin wuta fiye da na baya, yana kuma ɗaukar zafi, har wasu na farko-farko sun zo da ƙarfen sanyaya mai kauri, wasu ma da 'yar fanka. Galibin SSD an yi su ne su yi aiki har zuwa digiri 70, idan suka kai nan sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. A shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ga ƙura ta toshe fankar kwamfuta, wannan iyaka ba ta da nisa.

Yanzu mu koma kan kuɗi. Ƙwayoyin da ake yin SSD da su, kamfanoni ƙalilan ne a duniya ke sarrafa su: Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, Kioxia ta Japan, Micron da SanDisk na Amurka, sai YMTC ta Sin. Sauran sunayen da muke gani a jikin kwali, yawanci a wurin waɗannan suke saye su haɗa. Don haka idan manyan suka rage aiki, duniya duka sai ta ji a jikinta. A 2023 kaya sun yi yawa, masu saye suka yi ƙaranci, har aka riƙa sayar da wasu SSD masu terabait ɗaya ƙasa da dala 50 a Amurka. A watan Afrilun shekarar Samsung ta ba da sanarwar rage sarrafawa, kamar yadda wasu takwarorinta suka riga suka yi, kuma kafin ƙarshen shekara farashi ya fara ɗagawa. Shi kuwa sabon zubi tun asali da tsadarsa ya zo: T700 mai terabait ɗaya ta fito a kan kusan dala 180, 9100 Pro kuma kusan dala 200.

A ƙarshen 2025 kuma sai wata guguwa ta taso. Manyan kamfanonin da ke gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka dinga kwashe ƙwayoyin ajiya da kuɗi mai tsoka, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Abin ya kai a watan Disambar 2025 Micron ta sanar da cewa za ta daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayanta masu sunan Crucial, domin ta mai da hankali kan manyan abokan cinikin. Darasin a nan shi ne, tsohuwar maganar da muka saba da ita, cewa kayan lantarki kullum araha suke ƙara yi, ba ta kama SSD a kowane lokaci.

A kan wannan sai a ɗora namu nauyin. Da dala ake saro kayan. A watan Yunin 2023 Najeriya ta saki naira, dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, kimanin 656 ga yuro ɗaya. Wannan ya sa mai riƙe da sefa ya samu sauƙin saye a Kano, shi kuma mai naira da ya ba da kaya bashi ya ga ribarsa ta narke kafin a biya shi. Rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, da komawar kayan Nijar hanyar Lome da Burkina Faso maimakon Kwatano, duk sun ƙara kuɗin dako da kwanakin hanya. Wanda ya sayar a yau bisa farashin da ya saro wata uku baya, yana iya komawa wurin dila ya tarar kuɗin ba za su sayo rabin kayan ba.

Kuma duk lokacin da kaya suka yi tsada, jabu ke cika kasuwa. Akwai SSD da za ta nuna terabait 2 a kwamfuta, alhali abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Mai saye zai yi ta zuba hotuna, sai daga baya ya tarar na farko sun lalace. Akwai kuma tsofaffi da aka ciro daga wata na'ura aka sake musu kwali. Maganin wannan kyauta ne: manhajar H2testw tana cika ma'ajiyar ta gwada gaskiyar girmanta, CrystalDiskInfo kuma tana nuna awannin da ta yi aiki da lafiyar da ta rage mata. A kuma duba irin ƙwayar. Mai TLC ta fi mai QLC ƙarko: a cikin kayan Samsung masu terabait ɗaya, 870 EVO tana da lamunin rubutu na terabait 600, 870 QVO kuwa 360.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, a zuba mafi yawan jari a SATA da NVMe zubi na uku da na huɗu, masu gigabait 256 zuwa terabait ɗaya, domin nan ne ciniki yake. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ana sa ran ofisoshin Turai da Amurka su ci gaba da sakin tsofaffin kwamfutoci, kuma da yawansu SSD mai sauƙin kuɗi kawai suke buƙata su farfaɗo. Zubi na biyar kuwa a bari sai wanda ya ba da kafin alƙalami, bayan an tabbatar kwamfutarsa za ta ɗauka. A sa farashi bisa kuɗin da za a sake saro kaya, a rage ba da bashi mai tsawo, a gwada kowace ɗaya a gaban mai saye. A kuma gaya masa gaskiya cewa SSD idan za ta mutu ba ta cika yin sallama ba, don haka ya ajiye muhimman takardunsa a wuri biyu.

A kasuwar kan iyaka kowa ya san kowa, labarin wanda ya sayar da jabu a Jibiya kafin la'asar ya isa Maraɗi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.