An Sauya Iri, Sikeli Yana Nan

Akwai wata magana da ta zama kamar ijma'i a birnin Wagadugu, wadda mutum zai ji a bakin ɗan boko da mai shago, a majalisun shayi na Dapoya da rumfunan kasuwar Sankariyare, har ma a bakin waɗansu malamanmu na zango in hira ta yi daɗi bayan la'asar: wai a shekarar 2016 Burkina Faso ta kori kamfanin Monsanto na Amurka, ta yi watsi da irin audugarsa da aka sauya wa halitta, wanda ake ce wa OGM, da haka kuma manomi ya sami 'yancinsa. Ana faɗinta da alfahari, ana kafa hujja da ita har a tarurrukan ƙasashen waje, wanda duk ya nuna shakka kuwa sai a dube shi a matsayin ɗan koren Turawa. To, ni ina da shakka, ba kuwa don ƙaunar Monsanto ba, wanda ko sunansa ma ya shuɗe tun da kamfanin Bayer na Jamus ya saye shi a 2018.

Ga yadda al'amarin ya gudana. A 2003, zamanin Blaise Compaoré, aka fara gwajin irin tare da INERA, cibiyar binciken noma ta ƙasa. A 2008 aka sake shi ga manoma. Kafin 2014 ya mamaye kimanin kashi 70 cikin 100 na gonakin auduga. Manoma ba wawaye ba ne da suka karɓe shi, domin ya rage feshin maganin tsutsa daga sau 6 zuwa sau 2 a damina, wanda kuwa ya taɓa ganin magidanci goye da tankin feshi cikin rana, ba takalmi ba abin rufe hanci, maganin yana tsiyaya ta gadon bayansa, ruwan haɗin kuma matarsa ce ta ɗauko shi a ka daga rijiya mai nisa, ya san cewa ragin feshi 4 ba ƙaramar rahama ba ce. Amma rahamar da tsada ta zo, don irin hekta guda ya kai wajen sefa 27,000, alhali irin da aka saba bai wuce kimanin 1,000 ba, an kuma gina wannan tsada bisa alkawarin ƙarin amfani na kashi 30, alkawarin da masu bincike daga baya suka nuna bai cika ba.

Sai aibin ya bayyana ta inda ba a zata ba. Audugar ƙasar nan ta yi suna a kasuwar duniya saboda tsawon silinta, kasancewar da hannu ake tsintarta, kuma an shekara da shekaru ana tace irinta. Da aka yi gaggawar haɗa ta da ta Amurka, sai sili ya gajarce, abin da ake samu wajen gurza ya ragu, darajarta ta faɗi a wurin masu masaƙu na Asiya. A nan ne nake roƙon mai karatu ya tsaya ya yi tunani, domin duk hukuncin shari'ar a nan yake. Manomi da nauyi ake biyansa: ya tara audugarsa a filin awo, a ɗora a sikeli, a rubuta kilo. Kamfani ne ke sayarwa da tsawon sili. Saboda haka hasarar ta kamfanonin gurza ce, wato SOFITEX da SOCOMA da Faso Coton, su ne kuma suka tashi, a ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyar auduga ta AICB, suka nemi Monsanto ya biya diyyar sefa biliyan 48 da ɗoriya. A 2017 aka yi sulhu, suka riƙe kashi 75 na kuɗin haƙƙin iri da suka hana shi, kuɗin da asalinsu daga aljihun manomi suka fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kuwa manomi ya koma ya goya tankinsa sau 6, ba a tambaye shi ranar da aka kawo irin ba, ba a kuma tambaye shi ranar da aka janye shi ba.

Dalilin da ya sa ba a bukatar tambayarsa shi ne abin da masu alfahari ba sa son a taɓo. Tun 2004 aka raba ƙasar auduga gida 3, yamma ta SOFITEX mai hedkwata a Bobo-Dioulasso, tsakiya ta Faso Coton, gabas ta SOCOMA, kowane kamfani shi kaɗai ke ba da iri da taki da magani bashi a yankinsa, shi kaɗai kuma ke sayen abin da aka noma, a kan farashin da aka yanke tun kafin shuka. Bashin ba a wuyan mutum ɗaya yake ba, a wuyan ƙungiyar ƙauye yake, ta yadda idan gonar wani ta ƙi, daga kuɗin maƙwabcinsa za a cire, har a kai ga sayar da shanun huɗa, zumunci ya ɓaci tsakanin gidajen da suka yi auratayya tun kaka da kakanni. In ka ce to ya bar auduga mana, ai ba ka san cewa ga mafi yawansu ita ce kaɗai ƙofar samun takin zamani bashi ba, takin da suke karkatar da wani abu daga cikinsa zuwa gonar masara don iyali su ci. Malaman fiƙihu sun sanya yardar juna ta zama ginshiƙin ingancin ciniki, sun kuma yi dogon bayani a kan cinikin wanda aka tilasta. Ni ba mufti ba ne, amma mu jikokin fataken da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta ƙasar Mosi mun san cewa kasuwar da mai saye ɗaya ne, shi ne kuma mai bin bashi, shi ne mai sikeli, sunanta kawai kasuwa.

Wannan tsari kuwa ya girmi Monsanto a ƙasar nan da nisa. Gwamnan mulkin mallaka Hesling ya tilasta wa ƙauyuka noman auduga a shekarun 1920, har mutane suka riƙa gudu zuwa ƙasar Gwalkwas. Kamfanin Faransa na CFDT, wanda aka kafa a 1949, ya mai da tilas ta zama bashi. SOFITEX ta gaje shi a 1979. Mutanen Funtuwa da Zariya da suka san zamanin ƙungiyar auduga ta Turawan Ingila, BCGA, da fulotin auduga ba sa bukatar a fassara musu.

Za a ce ai manoma suna da wakilai, tunda ƙungiyarsu ta UNPCB, wadda aka kafa a 1998, tana zaune a cikin AICB. Haka ne, har ta taɓa riƙe kashi 30 na hannun jarin SOFITEX, wannan kuwa shi ne illar, domin wakilin da ya zama abokin tarayyar wanda ake ƙara, da wane baki zai yi ƙara? Shaida ita ce 2011, lokacin da auduga ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba a duniya, manoma suka nemi sefa 500 a kilo aka tsaya a 245, suka ƙaurace wa shuka, waɗansu suka tumɓuke ta waɗanda suka shuka, aka tura musu jami'an tsaro. A wannan shekara irin Monsanto yana gonaki, amma ba a kansa suka yi bore ba.

Ana yawan ambaton Thomas Sankara a wannan muhawara, kuma ya cancanci ambato, sai dai a ganina an ɗauki rigarsa an bar hujjarsa. Da ya tsaya a Addis Ababa a Yulin 1987 sanye da tufar gida ta Faso Dan Fani, nufinsa auduga a noma ta a nan, a kaɗa ta a nan, a saƙa ta a nan. Masaƙar Faso Fani ta Kudugu ta rufe a 2001, har yau kuma galibin audugarmu ɗanya take fita ta tashoshin jiragen ruwa na maƙwabta, shi ya sa ma'aunin baƙo ne ke hukunta abin da ɗan ƙasa zai shuka. Dawo da tufar gida a makarantu da ofisoshi abu ne mai kyau, amma zaren da masaƙanmu ke ci ɗan kaɗan ne cikin abin da ake gurzawa.

Hukumar yanzu ta ƙaddamar da babban shirin noma a 2023, ta raba motocin huɗa, ta buɗe masana'antun tumatir a Bobo-Dioulasso da Yako, ba kuma zan hana ta yabon da ta cancanta ba. Amma hana fitar da gero da dawa da masara da wake zuwa waje, wanda aka yi ta sabuntawa a 'yan shekarun nan, mu mutanen birni ne yake wa daɗi, mu da muke auna kwano a Sankariyare mu yi hamdala in ya sauka. Wanda ya noma shi kuwa an rage masa masu saye, taki bai sauko masa daidai da haka ba. Wanda ya ci moriyar abu bai dace ya zama alƙalinsa ba, don haka nake tuhumar shirun da muke yi.

'Yan'uwanmu na Kano da Zariya suna cikin irin wannan gardama tun da aka saki waken SAMPEA 20-T na cibiyar Samaru a 2019, da masarar TELA a 2024, na kuma ga ana aro labarinmu ana yaƙi da shi, wani ɓangare na cewa guba ce, wani na cewa ita ce maganin yunwa. In za su ara, to su ari tambayoyin da mu muka kasa yi a kan lokaci: wa ya auna ƙarin amfanin da ake alkawari, a gonar gwaji ko a gonar talaka, wa ke yanke kuɗin iri, manomi yana da ikon ajiye nasa ya koma masa in sabon bai yi masa ba, kuma in kaka ta yi, mutum nawa ne ke da izinin saye. Mai wake a yau yana iya ƙin tayin dillali a ƙauye ya kai buhunsa kasuwar Dawanau, in Dawanau ba ta yi masa ba ya jira baƙi daga kudu. Duk shirin da zai zo da iri da taki bashi bisa sharaɗin a mayar masa da amfani shi kaɗai, ko daga Amurka ya fito ko daga Abuja, wannan damar ce zai fara ɗaukewa.