Inshorar lafiya ta zama dole, to wa zai karɓi kuɗin manomin Wurno?

Jama'a, tun ranar 19 ga Mayu 2022 da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, inshorar lafiya ta zama wajibi a kan kowane ɗan Najeriya. Tsohuwar NHIS da aka ƙaddamar a 2005 ganin dama ce, shi ya sa ba ta wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya da na manyan kamfanoni ba. Yanzu nauyin ya dawo kan jihohi, a nan Sakkwato kuwa SOCHEMA ce ke riƙe da shi.

Gare mu masu albashi, wannan "dole" ba ta da wuya. A cire tun kafin alat ya shigo, shi ke nan. To manomin shinkafa a fadamar Wurno fa? Mai albasa a Goronyo fa, ko mai gero a Rabah? Kuɗinsu sau ɗaya ko biyu suke zuwa a shekara. A watan Agusta, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, taki ya cinye ɗan abin da ya rage. Sai a ja akuya kasuwa, ko a ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci suke fita, kuma irin waɗannan mutanen ne ke biya.

A ganina, in dai da gaske ake, a bi manomi lokacin da yake da kuɗi. A kafa teburin rajista ranar kasuwa da kaka, ya biya na shekara gaba ɗaya, ko ta hannun ƙungiyarsu ta manoma. Malamanmu kuma su fayyace hukuncin wannan karo-karo a kan mumbari, don akwai waɗanda da sun ji kalmar inshora sai su ja baya.

Wanda ba shi da ko sisi, akwai asusun BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. An yi shi ne don masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi, masu naƙasa da marasa ƙarfi. Gurbin kaɗan ne, don haka mu riƙa tambayar kansilolinmu yadda ake zaɓen sunaye. Kada ya koma rabon 'yan siyasa.

Sai batun tsaro. Ƙauyen da ma'aikacin jinya ke barinsa kafin la'asar saboda 'yan bindiga, matar da naƙuda ta kama da tsakar dare katin hannunta ba zai buɗe mata asibiti ba.

Wanda ya yi rajista a mazaɓarsa, don Allah ya faɗa mana: an ba ka magani, ko takarda aka rubuta maka ka tafi kemis?