Zancen Baiwa da Ƙarancin Mata a Sashen Falsafa

A shekarar 2011 Ƙungiyar Masana Falsafa ta Birtaniya da Ƙungiyar Mata Masana Falsafa ta ƙasar suka fitar da wani rahoto wanda Helen Beebee da Jennifer Saul suka rubuta. Rahoton ya nuna cewa mata sun kai kashi 46 cikin 100 na ɗaliban digiri na farko a fannin falsafa, amma a matakin digirin digirgir sun koma kashi 31, a cikin malamai masu aikin dindindin kashi 24, a cikin farfesoshi kuwa kashi 19 kacal. Da aka sake ƙirga a 2021, malamai mata sun kai kashi 30, farfesoshi kashi 25. An ɗan matsa gaba, amma tafiyar ta hawainiya ce. A Amurka ma haka lamarin yake, kuma can akwai wani giɓin da ya fi wannan faɗi: wani bincike na 2014 ya gano cewa baƙaƙen fata ba su kai kashi 2 cikin 100 na masana falsafar ƙasar ba.

Bayanin da aka fi saurin kawowa shi ne wai mata ba su son musu mai zafi da tunanin da ba a taɓa shi da hannu. Wannan magana ba ta jure bincike. A jami'o'in Amurka ɗin nan, mata ne ke karɓar kusan rabin digirin digirgir a ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma su ne mafi rinjaye a ilimin halayyar ɗan Adam. Babu mai cewa waɗannan fannoni wasa ne.

Bayanin da ya fi kama hankali ya fito a 2015 a mujallar Science, daga Sarah-Jane Leslie ta Jami'ar Princeton, wadda ita kanta masaniyar falsafa ce, da Andrei Cimpian da abokan aikinsu. Sun tambayi malamai da manyan ɗalibai a fannoni 30 ko suna ganin shahara a fanninsu tana buƙatar wata baiwa ta musamman da ba a koyar da ita. Sai suka tarar duk fannin da ya fi yarda da zancen baiwa, shi ya fi ƙarancin mata, kuma shi ya fi ƙarancin baƙaƙen fata. Fannin da ya zo kan gaba wajen wannan imani kuwa shi ne falsafa, har ya wuce lissafi da fiziya.

Nan ne gizo yake saƙarsa. Idan sashe ya ɗauka masanin falsafa haihuwarsa ake yi, aikin malami ya tashi daga horarwa ya koma farauta: yana duba aji yana neman mai baiwa. To, da wace alama zai gane shi? Galibi da saurin baki, da ƙarfin gwiwar katse mai magana, da kamanni da manyan da hotunansu ke jikin bango. Ɗalibin da ya dace da wannan siffa, kuskurensa sai a kira shi jarumtar tunani. Ɗalibar da ba ta dace ba, nasararta sai a kira ta ƙwazo, kalmar da a wannan fage take ɗauke da raini a ɓoye. Ita ma ɗalibar, in ta sha wuya a littafin Kant, wanda kowa ke shan wuya a kansa, sai ta ɗauka hukunci ne ya sauka a kanta, ta tattara ta koma wani sashe. Binciken Molly Paxton da Carrie Figdor da Valerie Tiberius na 2012 ya nuna cewa a Amurka zubewa mafi girma tana aukuwa tsakanin darasin gabatarwa da zaɓen falsafa a matsayin fanni, kuma sassan da suka fi malamai mata sun fi riƙe ɗalibai mata.

Tarihi ya taɓa gwada wannan ba da niyya ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu samarin Jami'ar Oxford da yawa sun tafi fagen daga, azuzuwa suka ragu, hayaniya ta lafa. Daga wannan zamani aka sami Elizabeth Anscombe da Philippa Foot da Mary Midgley da Iris Murdoch, mata huɗu da suka sauya alƙiblar falsafar ɗabi'a a ƙarni na 20. Midgley da kanta ta bayyana daga baya cewa ƙarancin maza a lokacin ne ya ba su damar a ji muryarsu. Ƙwaƙwalwar mata ba ta sauya a 1939 ba. Ɗakin karatun ne ya sauya.

Saboda haka tallafin da ke da amfani shi ne wanda ya taɓa tsarin aiki na yau da kullum. Ƙungiyoyin biyu na Birtaniya sun fito da wani tsari a 2014 wanda sassa ke sa hannu a kai, kuma abubuwan da ke ciki ƙanana ne a ido: gyaran takardun jarrabawa ba tare da ganin suna ba, ɗan hutu tsakanin lacca da tambayoyi domin mai nazari a hankali ya shirya tambayarsa, shugaban zama ya fara ba waɗanda ba su yi magana ba, ƙa'ida bayyananniya kan cin zarafi da alaƙar malami da ɗaliba, da la'akari da masu reno. A Amurka, Louise Antony da Ann Cudd sun kafa shirin jagoranci ga sababbin malamai mata a 2011, ɗalibai kuma suka kafa ƙungiyar tsiraru a falsafa a 2013, wadda rassanta suka bazu a jami'o'i da dama.

Jerin littattafan da ake karantawa shi ya fi jawo gardama. Masu adawa suna cewa sa sunayen mata ko ƴan Afirka a manhaja sassauci ne da zai rage inganci. Ƙorafin ya cancanci amsa, domin sa suna don cika gurbi cin fuska ne ga mai sunan. Amma a duba abin da aka bari a waje. A 1643 Gimbiya Elisabeth ta Bohemiya ta rubuta wa Descartes tana tambayar yadda ruhin da ba shi da jiki zai iya motsa jiki. Amsoshinsa ba su gamsar da ita ba, kuma har yau tambayar ita ce babbar suka ga ra'ayinsa. An daɗe ana koyar da sukar a aji ba tare da ambaton mai ita ba. Anton Wilhelm Amo, wanda aka haifa a yankin Axim na Gana ta yau, ya kare kundinsa a Wittenberg a 1734 kan wannan matsala ta jiki da hankali, ya kuma koyar a Halle da Jena. Sophie Oluwole, wadda ta koyar a Jami'ar Legas ta rasu a 2018, ta jera Socrates da Orunmila na Yarbawa ta tilasta a sake tambayar abin da ake nufi da falsafa tun asali. Manhajar da ta tsallake waɗannan ta rage wa ɗalibi hujjoji, kuma hujja ita ce jarin wannan fanni. Batun ya shafi Nijar da Kamaru da Chadi tun kafin jami'a, tunda a can ɗaliba tana haɗuwa da falsafa a lise, tana rubuta ta a jarrabawar bakaloriya, kuma sunayen da ke littafinta su ne farkon abin da ke gaya mata ko akwai irinta a fagen.

Akwai kuma tallafin da ke komawa kaya a kan wanda ake tallafawa. Sashe mai malamai 15 da mata 2 kan sa matan nan a kowane kwamiti, ya tura musu kowace ɗaliba mai kuka, ya ɗora musu shirya taron daidaito, sannan ranar ƙarin girma a tambaye su ina maƙalunsu. Hakanan bitar yini guda kan son zuciyar da mutum bai san yana da shi ba ta zama mafaka mai araha, alhali shaidar cewa tana sauya hali na dogon lokaci mai rauni ce. Shugaban sashen da ke nufin gaskiya zai ƙirga wannan aiki cikin nauyin koyarwa, ya raba shi har da manyan malamai maza, ya kuma buga alƙaluman ɗauka da zubewa na sashensa kowace shekara yadda ɗalibai za su gani.