Sarkin Yawa a Gaban Taru

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Kwara ko Tafkin Kainji da sassafe ya san yadda ƙananan kifaye ke wucewa gungu-gungu, ɗaruruwa ko dubbai, su karkata hagu lokaci guda, su koma dama lokaci guda, tamkar akwai mai ba su umarni. Alhali kuwa ba su da sarki, ba su da madugu. Abin da masana ilmin halittu suka gano shi ne, kowane kifi maƙwabtansa kawai yake lura da su. Yana ganin su da ido, yana kuma jin motsinsu ta wani layin jijiyoyi da ya miƙe a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya. Da na kusa ya juya sai shi ma ya juya, haka labarin zai ratsa gungun kafin ƙiftawar ido.

To, mene ne amfanin wannan cincirindo? Malam Bahaushe ya ce Sarkin Yawa ya fi Sarkin Ƙarfi, kuma a cikin ruwa maganar ta tabbata. Idan tsage ya kawo farmaki, ido dubu ya fi ido biyu saurin hango shi. Idan ya kutsa ciki sai gungun ya tarwatse ta kowace fuska, ya rasa wanda zai bi. Ko da ya yi sa'a ya cafke ɗaya, sauran sun tsira. A shekarar 1971 wani masani ɗan Ingila, W. D. Hamilton, ya nuna cewa ba sai da ƙaunar juna irin wannan taro ke haɗuwa ba. Son kai kaɗai ya isa. Kowace dabba tana ƙoƙarin kutsawa tsakiya ne don ta sa 'yar'uwarta tsakaninta da maƙiyi, da haka garke ke dunƙulewa. Haka abin yake ga barewa a daji da jan-baki a sararin sama. Neman abinci da neman abokin hayayyafa su ma sukan tara su.

Sai dai duk wannan dabara maganin maƙiyi mai baki ɗaya ce. Taru ba ya ruɗewa, ba ya kuma ƙoshi. Halin da ya kare kifi daga tsage shi ne yake miƙa shi ga masunci gaba ɗaya. Abin da ya fi wannan haɗari kuwa, kifin da ke yawo a gungu ba ya nuna alamar ƙarewa. Idan yawansa ya ragu, waɗanda suka saura sai su sake haɗuwa wuri guda, masunci ya same su, jirginsa ya cika kamar bara. Ke nan cikar taru ba ta tabbatar da cewa ruwa na cike da kifi.

Ƙasashen da suka fi Nijeriya kayan bincike sun faɗa wannan rami. A shekarar 1970 Peru ta kama kimanin tan miliyan 12 na wani ɗan ƙaramin kifin teku mai suna ancobeta. Cikin shekara uku, yawan kamu da ɗumamar ruwan teku suka haɗu, abin da ake samu ya faɗi ƙasa da tan miliyan 2. A gaɓar Newfoundland ta Kanada kuma, manyan jiragen su sun yi ta dawowa maƙare da kifin kod a daidai lokacin da yake gab da ƙarewa, domin ragowarsa ta cure wuri guda. Masu ƙananan jirage na bakin gaɓa sun yi ta kukan kifi ya ragu, ba a saurare su ba. A 1992 gwamnati ta rufe sun kod ɗin, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a, ba a kuma sake buɗe shi ba sai 2024.

Ruwayen Arewa ba su kuɓuta daga wannan ƙa'ida ba. Kawara da takwarorinta sukan yi ayari da damina su haura fadamu don zuba ƙwai, lokacin da suka fi sauƙin kamu ke nan, lokacin kuma da kamun ya fi ɓarna. Taru mai ƙananan idanu, balle gidan sauro da wasu ke mayarwa koma, yakan kwashe gungun 'ya'yan kifi tun ba su kai haihuwa ba. Saboda haka kuskure ne babba jami'in kula da su ya auna lafiyar tafki da yawan kwandunan da aka sauke a kasuwa. Girman kifin ya kamata ya duba, da nisan da masunci ya yi kafin ya same shi.

Za a ce masunci talaka ne, hana shi su da damina hana shi tuwo ne. Gaskiya ne, kuma dokar da ta manta da cikinsa a takarda za ta tsaya. Amma hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu ana tsare Matan Fada, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wadda sai an taru a ɗaga. Da za a zauna da sarakunan ruwa na Yawuri da Baga da Nguru a tsayar da watannin hutu da faɗin idon taru, su ne suka san mashigar da kifi ke taruwa da makon da yake haurawa.