A Yi Wa Baturiya Zango Irin Na Gashaka

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai albarka, domin in yi magana a kan dajin Baturiya da ke ƙasar Kiri Kasamma, maƙwabciyarmu, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin dazuzzuka goma da ta amince a shekarar 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa, alhali kuwa tun 2008 an riga an shigar da shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Mu mutanen Birniwa, waɗanda Allah ya ajiye a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta rairayi da goruba, inda mutum zai hango jirgin ƙasan Nguru tun yana nesa, ba mu san dutse ba sai a labari, saboda haka da Allah ya nufe ni da zuwa gandun Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991 tsakanin Taraba da Adamawa, kuma babu wanda ya kai shi girma a Nijeriya, abin da na zaci zai fi ba ni mamaki shi ne tsawon duwatsu. Lalle suna da tsawo, domin can ne Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse a ƙasar nan. Amma tsarin kwana a dajin ne ya fi tsaya mini a rai.

Ba a barin baƙo ya kutsa shi kaɗai. Daga Serti, inda hedkwatar gandun take, ake haɗa mutum da ma'aikacin daji, sa'an nan a ɗauki 'yan dako da ja-gora daga ƙauyukan wurin, a yi ta hawa a ƙasa har inda mota ba ta da labari. Idan la'asar ta yi sanyi sai a yada zango kusa da rafi, a kafa tanti, a hura wuta da busasshen itacen da ya faɗi da kansa, ba a sare ɗanye ba. Da asuba kuwa, hazo ya rufe kwari, raɓa ta jiƙe tanti sharkaf, ruwan alwala yana sa yatsu su ƙage har mutum ya tsaya yana tunanin hukuncin taimama, ga gwaggon biri yana ta haushi a ƙetaren rafi. Kafin a tashi sai an kashe wuta da ruwa, an tattara gwangwani da leda an mayar cikin jaka. Ja-goranmu, wanda a da maharbi ne, ya nuna mana sawun ɓauna a taɓo, ya ce tun safe ta wuce, kuma na lura yana faɗin haka ne da alfaharin mai dukiya, domin yanzu daga ranta yake cin abinci. Haka kuma akwai Fulani da aka bar musu wurarensu a kan tsaunukan, suna kiwo bisa ƙa'ida, ko da yake ba a rasa saɓani jefi-jefi.

To, mu ba mu da dutse, amma muna da abin da Gashaka ba ta da shi. Duk shekara idan hunturu ya kama, tsuntsaye sukan taso daga ƙasashen Turai su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, su tarar da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe na gida, har mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Philip, ya zo Dagona da ke cikin fadamun a 1989 saboda su. Sai dai ɗan makarantar Birniwa, wanda ke kusa da wannan ni'ima, zai gama sakandare bai taɓa kwana a bakin fadamar ba, bai ji hayaniyar tsuntsaye da fitowar alfijir ba, kuma malaminsa na ta koya masa halittun wasu ƙasashe daga littafi. Ni ina ganin wannan gibi ne a tarbiyya, domin Alƙur'ani mai girma ya yawaita umurni da yin tafiya a bayan ƙasa da tafakkuri cikin halitta.

Abin da nake tsoro shi ne a ɗauka kafa gandu yana nufin shinge da tara kawai. Masunta da manoman shinkafa da makiyaya sun riga sun sha wuya tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadama ta canja hali, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, jan-baki ya sami maɓoya a cikinta yana cinye gero da shinkafa. Wanda ke cikin wannan hali, idan aka zo masa da doka ba tare da rabo ba, da dare zai shiga dajin.

Saboda haka ina kira ga hukumar gandun daji ta ƙasa, da gwamnatin Jigawa, da masarautar Haɗeja, su keɓe tudu guda a gefen Baturiya wanda ruwa ba ya kaiwa, a haƙa rijiya, a yi makewayi da ɗan masallaci, a tanadi tantuna da gidan sauro, a ɗauki masuntan wurin su zama ja-gora da kwalekwalensu, a kuma yanka wa ɗaliban makarantun ƙasar Haɗeja kuɗin shiga mai rangwame daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da tsuntsayen suke nan.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Birniwa.